Daga Wa Ka Koya, Tarald?

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Vidar ya sake bugo waya daga ɗan kamfaninsa na faifai a Oslo. Ya fara da tambayar jikin Tarald, na ce da sauƙi, ya ce madalla. Na ce, "Faɗi abin da ya sa ka kira, kofina na hucewa." Wai maɗaba'a na son bayanin faifai kafin bakwai ga Nuwamba, in ba haka ba ba zai fito kafin Kirsimeti ba. Faifan an gama. Kwali an gama. Ɗan littafin da ake cusawa cikin kwalin ne kaɗai ya rage, shi kuwa aikina ne, kamar yadda ya zama aikina a duk faifan da mijina ya taɓa fitarwa.

Na ce zai samu. Ban gaya masa saura ɗaya ba.

Signe ce ta saya mini wannan littafin, wai in riƙa rubuta abin da ke raina. 'Yar da na haifa ke nan take ba ni aikin gida. Shekara arba'in ina rubuta abin da ke ran wani, sai yanzu aka tuna ni ma ina da rai.

Talata, da yamma

A kwarinmu ba a sakin kiɗan goge babu uba. Ƙarƙashin kowane kiɗa sai an rubuta daga wane aka koye shi, shi kuma daga wane, har inda ƙwaƙwalwa ta tsaya. Mutanen Telemark kafin su sa faifai sai sun buɗe ɗan littafin sun bi salsalar da yatsa. Kiɗan da ba a faɗi mai shi ba, ko sata ne ko ƙarya, haka za su ce, kuma a gaban idonka za su faɗa, a bakin kanti.

Tarald bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Wai takarda ta masu mantuwa ce. Bayan abincin yamma zai ɗora goge a ƙirji ya kaɗa, ya ajiye ya yi bayani, ni kuma ina buga tsohon tafiretana a teburin kicin. Haka muka bi kaɗe-kaɗen faifan nan ɗaya bayan ɗaya tun bazara. Na ƙarshen ne ya rage.

Shi na ƙarshen ba ya ma cikin shiri. An gama ɗauka, kowa na naɗe waya, sai tsohon nan ya sake ɗaure tsirkiyoyinsa wani iri ya kama kaɗawa, aka yi sa'a Vidar bai kashe na'ura ba. Bai taɓa kaɗa shi a biki ko a gasa ba. Ni dai na sha jin sa ta bangon rumfar itace, in yana zaton ina ɗaki. Da na tambaye shi daga wa, sai ya yi dariya ya ce, "Wannan labarinsa da tsawo, Sakatariya. Bari a gama yankan ciyawa." Aka gama ciyawa ya ce dankali. Aka tone dankali ya ce faskare.

Itacen na nan, rabi a faskare. Gatarin ma yana inda ya faɗi daga hannunsa ranar da ciwon ya kayar da shi. Ban taɓa shi ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Na bi motar safe na gangara asibiti. Sun yi masa aski, sun rage masa gashin baki ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, ko kuwa bakin ne. Wata nas mai fara'a ta shigo tana ɗaga murya, "Yaya muke yau, Tarald? Mun ci abinci?" Na ce mata, "'Yar nan, ba kurma ba ne. Mutumin nan yana jin tsirkiyar da ta sauka daga ƙarshen zauren rawa." Ta ba ni haƙuri. Daga baya na ji kunya, don ita ke juya shi.

Kalma ɗaya gare shi yanzu: to. Kana jin sanyi? To. Ka gane ni? To. Hannun dama na kwance a kan bargo kamar wani ne ya manta shi a wurin.

Likita ya faɗi sunan abin, Signe ta rubuta a bayan tikitin mota. Ni ba zan rubuta shi a nan ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da rana

An ce a jira.

Asabar, 18 ga Oktoba, da yamma

Mun yi da Signe. Ina duba rubutu a tebur, ta zo ta tsaya a kaina da tawul a kafaɗa kamar ubanta.

"Mama, matakalar nan ba zai iya hawa ba. Ko dai a sauko da gado falo, ko kuma mu je mu ga gidan kula da tsofaffin nan na bayan coci. An ce akwai ɗaki."

Na ce, "Duba nan, sun sa Gunnulv na gangare a maimakon Gunnulv na tudu. In wannan ya fita haka jikokinsu sai sun cinye ni ɗanya."

"Mama, kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Miƙo mini jan biro."

Ta ɗauke takardar daga gabana. "Haba Mama! Wa ya damu da Gunnulv? Mutanen da suka mutu tun kafin a kawo lantarki! Baba ne a kwance, ke kina nan kina neman kakan kiɗa!"

Na ce ta ajiye mini takardata, kuma in ta sake ambatar gidan bayan coci a kicin ɗin nan ta koma Bergen da motar dare. Ta fita ta buga ƙofa. Can na hango ta ta taga tana jera itacen da ya faskara, tana share hanci da bayan hannu. Ita ma ta kewaye gatarin.

Na soya mata waina da cukui mai zaƙi. Muka ci.

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Na gaya wa Vidar gaskiya. Ka ji abin da ya ce: "Ai ba komai, Gunvor. Mu sa 'na gargajiya' kawai, haka kowa ke yi."

Na gargajiya! Na ce masa, "Kai in aka tambaye ka ɗan wane, cewa kake na gargajiya?" Ya yi dariyar yaƙe. Na ce wani mutum ne ya zauna da yatsunsa ya riƙe kiɗan nan har ya miƙa wa Tarald, mai suna, mai gida, wataƙila mai ciwon baya. Kalmar nan ta mutanen birni bargo ce da ake rufe gawar da ba a san danginta ba.

Bai kamata in yi wannan misalin ba. Tunda na ajiye wayar nake jin sa a bakina.

Gaskiyar magana laifinmu ne, ni da tsohon. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa har mun hau hanya gorar na rataye.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

Na tafi masa da faifan gwaji da 'yar na'urar Signe. Na nemi izinin maƙwabcinsa na gado, wani tsohon direban katako da aka yanke wa ƙafa. Ya ce, "Sa mana, uwargida. Ya fi tarin wancan na ƙarshen layi daɗi."

Tun kiɗan farko yatsun hagu suka tashi. A kan bargo suke tafiya, kowane na sauka inda ya saba, ba kuskure ko ɗaya. Ashe suna nan. Komai na nan a ciki, ƙofar ce ta kulle.

Da na ƙarshen ya shigo sai yatsun suka tsaya. Ya rufe ido. Hawaye ya bi gefe ɗaya ya shige kunne. Na bari ya ƙare, na matso na ce a hankali, "Daga wa, Tarald? Sunan kawai."

Ya buɗe baki. Wallahi na ga sunan yana tahowa, na gan shi a jijiyar wuyansa. Ya yi ta fama, fuska ta yi ja, leɓe na rawa. Abin da ya fito: to.

Ya daki gado da hannun hagu. Ya sake gwadawa. To. Sai kuma ga wata ashar ta fito tiryan-tiryan, cikakkiya, irin wadda yake yi in guduma ta sami yatsa. Direban katako ya fashe da dariya ya ce, "Alhamdu, malam ya warke!" Ni ma na yi dariya har na kasa tsayawa, sai da nas ta kawo mini ruwa ta zaunar da ni a baranda.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Ni na sa shi kuka. Mutum na kwance, na je masa da jarrabawa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da rana

An ce a jira. Kofi biyu na zuba yau ma.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

An mai da agogo baya da awa guda kamar kowane hunturu, duhu ya samu ƙarin wuri. Ina shirin kunna fitila sai ga Aslak a ƙofa da sandarsa. Shekara hamsin shi da Tarald suna karawa a gasar goge, kowa na cewa ɗan'uwansa kashe kiɗa yake. Duk faifan da muka fitar sai ya bi bayanina da gilashin ƙara girma yana neman kuskure, in ya samu kuwa ranar sallarsa ce.

Ya ce, "An ce kina da maraya a gida."

Kwarin nan! Ka yi atishawa a tudu, a gangare a ce maka sannu.

Na zuba masa kofi na sa masa kiɗan. Ya saurara kai a sunkuye. Ya ce a sake. Na sake. Ya ce a sake.

"Ɗan banza," in ji shi. "Shekara hamsin yana ɓoye mini wannan a aljihu."

"Ka san shi?"

"Ban taɓa ji ba. Ɗaurin tsirkiyar ba namu ba ne. Jan bakan ya yi kama da na mutanen bayan dutse, amma su ba sa sauka haka a ƙarshe." Ya juya kofinsa. "Ki sa Gunnulv na tudu. Shi ya koya masa rabin abin da ya sani, kuma ya mutu, ba zai kai ki ƙara ba. Ni ne mai tonawa, to na yi shiru. Wa ya rage?"

Na ce, "Kai da bakinka, Aslak? Kai da ka hana ni barci wata guda saboda na sa wa kakarka shekarar haihuwar ƙanwarta?"

Ya ce, "A lokacin akwai wanda zan tsokana."

Na ce ba zan liƙa wa ɗa uban da ba nasa ba. In na yi, duk yaron da ya koya daga faifan nan zai tashi a biki ya ce daga Gunnulv, ƙaryata ta yi ta haihuwa bayan na mutu. Ya gyaɗa kai. Ya san haka tun kafin ya faɗa, tausayina ne ya ji, shi ya fi ba ni haushi.

Yana sa hula ya ce, "Yana gane mutane?"

"Je ka gani mana. Mota na tashi kullum."

Ya daɗe yana neman hannun rigarsa. Ya ce, "Ba zan iya ganin hannun nan a kwance ba, Gunvor." Ya fita bai sha kofin ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Dabara ta zo mini a mota. Na riƙe hannunsa na hagu na ce, "Zan kira sunaye. In na zo kan mai shi, ka matsa." Ya ce to.

Na fara da Gunnulv na tudu. Ya matsa. Don in tabbatar na ce Gunnulv na gangare. Ya matsa. Na kira makahon nan na bakin tafki, ya matsa. Na bi masu gogen kwarin nan kaf, matattu da masu rai, na haura bayan dutse, kowa ya sami matsarsa. Daga ƙarshe na ce fasto. Ya matsa. Na kira sunan kyanwarmu. Ya matsa da ƙarfi, yana kallona, ido fal murna.

Ba amsa yake ba ni ba. Hannuna ne ya samu.

Na bar sunaye. Muka zauna haka har aka kawo miyar yamma.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Ƙanƙarar fari ta sauka. Ta rufe itacen da komai.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da rana

Signe ta koma bakin aiki, ta ce za ta dawo wani makon. Kafin ta tafi ta kai motarmu gareji aka sa tayoyin sanyi, ko da yake ba mai tuƙa ta. A tasha ta rungume ni ta ce, "Mama, in bai faɗa ba fa?" Na ce zai faɗa. Ta ce, "Ba sunan nake nufi ba." Na ce motarki za ta tashi.

Gidan ya yi girma. Gogen na rataye a bango, ɗaya tsirkiyar ta saki don sanyi. Ban iya ɗaurewa ba, shekara arba'in ban koya ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da yamma

Ranar kunna wa matattu kyandir. Na kai na iyayena da na iyayensa. Maƙabarta ta cika da 'yan fitilu a cikin ƙanƙara, mutane na gaisawa ƙasa-ƙasa, kowa na tambayata jiki, ina cewa da sauƙi.

Sai na tsinci kaina ina bin duwatsun kaburbura layi-layi ina karanta sunaye, ina cewa a raina ko kai ne, ko ke ce. Kamar mai bin gida-gida da wasiƙar da adireshinta ya goge. Aikin gidan waya da na yi a da bai sake ni ba har yau.

Akwai fili a gefen mahaifiyarsa. Ban kalli wajen ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Bari in rubuta wannan tun da zafinsa.

Ina shiga nas ɗin nan mai fara'a ta tare ni a baranda, ido waje. Ta ce tun safe yake magana. Ta ce wani lokaci haka abin yake yi, ya buɗe, amma kada in gajiyar da shi, ƙarfinsa kaɗan ne. Ban tsaya jin sauran ba.

An jingina shi da filo. Ya dube ni ya ce, "Sakatariya."

Na zauna da kot ɗina a jiki.

Maganar na fita a hankali, gefe-gefe, kamar mai tafiya a kan santsi, amma tasa ce. Ya ce, "An sa tayoyi?" Na ce Signe ta sa. Ya ce, "Itace?" Na ce an jera. Ya ce, "Wa ya yi mini wannan askin?" Direban katako ya ce daga gadonsa, "Ka gode Allah, ni ƙafa suka aske." Tarald ya yi dariya da rabin baki.

Sai ya ga fensir ya leƙo daga jakata. Ya ce, "Ciro. Rubuta."

Tarald bai taɓa fara labari daga suna ba. Sai ya faro daga yanayin shekarar, da wanda ya sayar wa wa saniya, da abin da aka ci. Ni kuwa aikina in daki tebur in ce, "Suna, Tarald, suna! Shafi huɗu gare mu!" Sai ya tsuke fuska ya jefo mini sunan kamar mai biyan tara. Duk bayanin da na taɓa rubutawa da dukan tebur na same shi.

Yau ma daga nesa ya faro. Shekarar da ake gina madatsar ruwa a kan dutse, yana saurayi ko gemu babu, aka ɗauke shi yana kai wa ma'aikata gari da gishiri a kan doki. Godiya ce, sunanta Bruna, tana ɗingishi da ƙafar baya ta hagu in za a yi ƙanƙara, ta fi rediyo sanin yanayi. Ya tsaya a kan ƙafar nan ya daɗe. Ya faɗi rowar shugaban aikin, mai ƙirga ƙwayar kofi. Ya faɗi safar da mahaifiyarsa ta saƙa masa, ɗaya ta fi ɗaya tsawo don zare ya ƙare. Ban taɓa jin zancen safar nan ba.

Ina rubutawa ina jin muryar na raguwa. Na ji sarai. Kalmomin sun fara nisa da juna, yana tsayawa neman numfashi. "Suna, Tarald" na kan harshena, har na ɗaga hannu zan daki ƙarfen gado. Na san in na daka zai faɗa.

Na mai da hannun kan cinyata. Mako uku ba abin da na ji sai to. Ga shi yana ba ni labarin safa.

Ya ce ranar yana dawowa ƙanƙara ta rufe hanya, bai ga ko kunnen Bruna ba, sai ya saki linzami ya bar mata. Ta kai shi wata bukkar makiyaya, irin wadda ake kullewa tun kaka, ba kowa sai bazara. Amma ga hayaƙi na fita. Ya sauka ya nufi ƙofa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya ji goge a ciki.

"Ban taɓa jin ɗauri irin wannan ba," in ji shi. "Na ce in na buga, za a daina. Na tsaya. Hannu a sama. Aka kai ƙarshe, aka sake farowa. Ƙanƙara na shiga wuyan rigata. Bruna na hura mini a ƙeya. Na ce bari a gama wannan zagayen. Wannan kaɗai. Sai in buga."

Nan ya tsaya, yana murmushi. Na jira. Yatsun hagu suka ɗan motsa a kan bargo. Na jira. Sai na ji numfashinsa ya sauya, barci ya ɗauke shi.

Nas ta ce in bar shi, gobe ma rana ce. Na gyara masa bargo na fito. A mota na yi ta murmushi kamar wawuya, har wata mata ta canja kujera.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Yau barci ya yi ta yi, sun ce jiya ta gajiyar da shi. Na dawo na buga labarin a tafireta yadda ya faɗe shi, da ƙafar godiya da safa da komai. Ya wuce shafi huɗu, Vidar sai ya san yadda zai yi. Layi ɗaya na bari a ƙasa.

Gobe da dukan tebur zan fara. Na soya masa waina, in sun yarda ya ci.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

Waya ta yi ƙara ina cikin ɗaura takalmi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Yau ce ranar maɗaba'a. Vidar bai kira ba. Wani ya gaya masa ke nan.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da rana

Masu ta'aziyya, kowa da tukunyarsa. Firji ya cika, baranda ta cika, wa zai ci? Signe na amsa ƙofa, ni ina zaune. Ta tambaye ni wace riga za a sa masa. Na ce farar, mai maɓallin azurfa, wadda yake sawa a gasa. Ta tambaye ni gogen fa. Na ce gogen yana nan inda yake.

Wainar ranar Alhamis na cikin jakata har yanzu. Ɗazu na gano.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

An yi jana'iza, sun watse. Signe na wanke kofunan da muka aro daga coci.

Aslak ne ya kaɗa. Ba wanda ya roƙe shi, da gogensa ya zo. Ya yi kuskure sau biyu a wurin da yaro ma ba zai yi ba, ya sauko yana zagin sanyin cocin. A wajen cin abinci ya ce mini, "Da yana nan da ya yi mini dariya har Ista." Na ce da ya yi. Shi ke nan ta'aziyyarmu.

Vidar ya zo da baƙin taye wanda da gani aro ne. Ya same ni a kicin ya ce maɗaba'a ta ɗaga mana ƙafa, in kuma ina so a bari sai bazara, ko a cire kiɗan ƙarshen gaba ɗaya, ba wanda zai ga laifina. Na ce a cire wa? Na buɗe durowa na miƙa masa ambulan. Na ce kada ya buɗe sai ya isa Oslo, ba na son ganin fuskarsa.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da safe

Ba a ce a jira ba yau. Ba mai cewa komai.

Talata, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Vidar ya kira. Muryarsa kamar mai taka ƙwai.

"Gunvor, ki yi haƙuri, ina jin shafi ɗaya ya faɗi. Labarin ya tsaya yana bakin ƙofa, ko ƙwanƙwasawa bai yi ba."

"Ba abin da ya faɗi. Nan ya tsaya."

Ina jin yana juya takardu.

"To layin ƙasa fa? An rubuta 'daga', ba komai a gabansa. Mai maɗaba'a ya ce ko a cike ko a cire."

"Kada ya cike, kada ya cire. Ya bar shi fari yadda yake."

"Za a ce kuskuren bugu ne."

"Mutanenku za su ce. Namu sun san ban taɓa barin layi don mantuwa ba."

Ya ce to. Na roƙe shi ya nemi wata kalmar.

Signe na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Jiya ta karanta kwafin, ta yi kuka a kan safar kakarta. Da na ajiye wayar ta ce, "Mama, ya yi magana kusan awa guda. Me ya hana ki tambaye shi sunan?" Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Na ce mata kofi na kan wuta.

A nan zan amsa. Da na daki gadon nan da ya faɗa, ban da shakka. Akwai wani, ko wata, da ya zauna shi kaɗai a bukka cikin ƙanƙara yana kaɗa abin da ya fi komai kyau a faifan mijina, Tarald ne mutum na ƙarshe da ya san sunansa, ni ce kuma ta ƙarshe da za ta iya karɓa. Na bar shi ya wuce. Kiɗan zai shiga duniya maraya, ni na jawo masa, kuma abin na ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Amma da za a mai da ni kan kujerar nan, fensir a hannu, yana ba ni labarin ƙafar godiya, wallahi ba zan katse shi ba.